A Duba Bakin Mahaifa Tun Ana Lafiya

Jama'a, wannan takarda ta kowane gida ce. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Maigida kuma ya sa a karanta wa iyalinsa a cikin gida, gama maganar ta shafi ran uwar 'ya'yansa.

Akwai wani ciwo da ke kashe mata a ƙasarmu, sunansa ciwon daji na bakin mahaifa, waɗansu kuma suna ce da shi sankarar mahaifa. In aka ɗebe ciwon daji na nono, babu wani irin ciwon daji da ya fi shi kama mata a Nijeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 ya kama mata wajen 12,000 a ƙasar nan, ya kashe wajen 8,000. Watau kowace rana ta Allah ana binne mata fiye da 20 saboda shi. A duniya duka kuwa, a shekarar 2022, ya kama wajen 660,000, ya kashe wajen 350,000, mafi yawansu a ƙasashe marasa ƙarfi.

Abin baƙin ciki, wannan ciwo yana cikin waɗanda ake iya tarewa tun bai tashi ba. Akwai gwaji na 'yan mintoci da ke nuna wurin da zai fito, a magance wurin, mace ta koma gidanta. Amma mu da ke aiki a ɗakin shan magani na ƙauye mun sani, cikin matan da ke zuwa awon ciki ko kawo yara rigakafi, kaɗan ne suka taɓa jin labarin gwajin nan. Waɗanda suka ji ma, yawancinsu suna tsammani na marar lafiya ne. To, ba haka ba ne. Gwajin na mace mai lafiya ne, wadda ba ta jin ciwon komai a jikinta.

INA NE BAKIN MAHAIFA?

Mahaifa ita ce jakar da ɗa ke kwanciya a ciki wata tara. Ta wajen ƙasa tana da ɗan wuya matsattse, kamar wuyan gora, wanda ya leƙo cikin gaban mace. Shi ne bakin mahaifa. Ta nan jinin al'ada ke fita, shi ne kuma ke buɗewa ran haihuwa ɗa ya wuce. Da yake yana kusa, ungozomar asibiti tana iya ganinsa da idonta in ta haska fitila. Wannan sauƙi ne Allah ya yi, don yawancin ciwon daji a can cikin jiki yake tsirowa inda ido ba ya kaiwa.

ME KE KAWO CIWON?

Ba sammu ba ne, ba jifa ba ne, ba kuwa aikin kishiya ba. Wata ƙwayar cuta ce ƙanƙanuwa wadda ido ba ya gani, likitoci suna ce da ita HPV. Wani masani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya gano ta cikin naman ciwon a shekarun 1983 da 1984, har aka ba shi babbar lambar yabo ta Nobel a 2008. Ƙwayar iri-iri ce, ta fi iri 100, amma iri biyu, mai lamba 16 da mai lamba 18, su ke jawo wajen kashi 70 cikin 100 na ciwon.

Wajen kwanciyar miji da mata ake ɗaukarta. Sai dai a fahimta da kyau, kada a zargi kowa. Ƙwayar nan ta yawaita a cikin mutane har kusan duk baligin da ya yi aure, namiji ko mace, yakan ɗauke ta wani lokaci a rayuwarsa bai sani ba. Tana iya zama a jiki shekaru ba alama, saboda haka ba mai iya faɗin ran da ta shiga, ko daga wa ta fito. Mace mai kamun kai, wadda ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta, tana iya samunta.

Ga yawancin mutane, jiki da kansa yake kashe ƙwayar cikin shekara ɗaya ko biyu, ba magani, ba komai. Amma ga waɗansu mata sai ta ƙi fita, ta zauna a bakin mahaifa, tana ɓata fatar wurin kaɗan-kaɗan. Waɗanda abin ya fi yi wa barazana su ne wadda ta fara haihuwa da ƙuruciya ƙwarai, da wadda ta yi haihuwa da yawa, da mai shan taba, da mai ɗauke da cutar ƙanjamau. Ita mai ƙanjamau haɗarinta ya ninka na sauran mata har sau 6.

CIWO MAI ƁUYA

Kowane magidanci ya san halin gara. Takan shiga azara ta ciki, ta yi ta ci, daga waje kuwa itace lafiya lau. Ba ka sani ba sai ran da aka yi ruwa mai ƙarfi, rufi ya rufto. Shi ya sa mai hankali yakan ƙwanƙwasa azarar ɗakinsa tun da rani, in ya ji wadda ta yi kogo ya sake ta.

Haka wannan ciwo yake. Daga ran da fatar bakin mahaifa ta fara ɓaci zuwa ran da za ta zama ciwon daji, akan ɗauki shekara 15 zuwa 20. Ga mai ƙanjamau wadda ba ta shan magani, shekara 5 zuwa 10 sun isa. Duk tsawon shekarun nan mace ba ta jin zafi, ba ta ganin jini, tana daka, tana ɗebo ruwa, tana haihuwa, tana goyo. Ran da ciwo ya fara nuna kansa kuwa, sau da yawa ya riga ya yi nisa.

Waɗannan shekaru na ɓuya su ne damarmu. In an duba a cikinsu, aka ga ɗan wurin da ya ɓaci, aka kashe shi, an rufe wa ciwon hanya.

YADDA AKE GWAJIN

Gwajin iri uku ne, kowane asibiti da irin wanda yake da shi.

Na ɗaya, dubawa da ruwan tsami. Shi ya fi yawa a ƙananan asibitoci. Mace za ta kwanta rigingine a kan gado cikin ɗaki, a ja labule, a lulluɓe ta da zane. Ungozoma ta sa wani ɗan ƙarfe ko roba mai kama da bakin agwagwa, wanda aka tsabtace, ta buɗa hanya kaɗan, ta haska fitila. Sa'an nan ta jiƙa auduga da wani ruwan tsami na asibiti, ta shafa a bakin mahaifa, ta dakata minti ɗaya. In akwai wurin da ya ɓaci, sai ya yi fari. In babu, sai ya zauna da launinsa. Nan take za a gaya wa mace abin da aka gani. Lalle kada wata ta ce za ta gwada wannan a gida da lemon tsami ko wani abu. Ba za ta ga komai ba, sai dai ta ji wa kanta ciwo.

Na biyu, shi ne wanda ake ce da shi gwajin Pap. Sunan ya samo asali daga wani likita Bagirke da ya yi aiki a Amurka, George Papanicolaou, wanda ya bayyana hanyar a littafinsa na 1943. Akan shafo ɗan abin da ke bakin mahaifa da ɗan tsinke mai laushi, a aika ɗakin bincike, a duba da madubin likita. Amsa takan ɗauki kwanaki ko makonni. Ƙasashen da suka riƙe wannan gwaji shekara da shekaru, ciwon ya ragu a cikinsu ƙwarai.

Na uku, gwajin neman ƙwayar HPV ita kanta. Shi ya fi sauran gano mai haɗari, shi ne kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi so a yi inda akwai hali. Wani alherinsa shi ne mace tana iya shiga ɗaki ita kaɗai, ta shafo da kanta da tsinken auduga da za a ba ta, ta sa a kwalba ta miƙa. Ba ko'ina ake samunsa ba tukuna, amma a tambaya.

Duk cikin ukun babu yanka, babu allura, ba a kwana a asibiti. Akan ɗan ji matsi ko sanyin ƙarfe, amma bai kai kusa da zafin naƙuda ba. Gwajin ba ya taɓa cikin mahaifa, ba ya hana haihuwa, ba kuwa dabarar tsarin iyali ba ce.

SU WA ZA SU JE, YAUSHE?

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mace ta fara gwaji tana da shekara 30. Mai ƙanjamau ta fara tana da 25. Waɗansu asibitocin ƙasar nan sukan fara yi wa kowace mace daga 25, to, sai a bi tsarin asibitin da ke kusa. Wadda ba ta san shekarunta ba, ta faɗi shekarun ɗanta na fari, mu za mu lissafa.

In da ruwan tsami aka duba, ko gwajin Pap, aka ga lafiya, sai a koma bayan shekara 3. In gwajin ƙwayar HPV ne, sai bayan shekara 5 zuwa 10, mai ƙanjamau kuwa bayan 3 zuwa 5. Ko da hali bai yi ba, kada mace ta kasa samun gwaji sau biyu a rayuwarta, ɗaya kafin ta wuce 35, ɗaya kafin ta wuce 45. Tsohuwar da ta daina al'ada, in ba a taɓa duba ta ba, ita ma ta je. Haka bazawara, da wadda mijinta ya rasu, gama ƙwayar tana iya kasancewa tun ta zaman aurenta na dā.

An fi so a je lokacin da ba a al'ada. Mai ciki ta faɗa wa ungozoma, za a sa mata rana, galibi sai bayan ta gama wankan jego. A karɓi katin da za a rubuta, a adana shi tare da katin rigakafin yara.

IN AN GA WANI ABU FA?

Ke uwargida, in aka ce an ga fari, kada hankalinki ya tashi. Ba a ce kina da ciwon daji ba. An ga wurin da zai iya zama ciwon nan da waɗansu shekaru in an ƙyale shi, shi ke nan. Maganinsa kuma mai sauƙi ne. Akan ɗora wani ɗan ƙarfe mai zafi a wurin na ƙasa da minti ɗaya, ko a daskarar da shi da iska mai tsananin sanyi. Sau da yawa a ranar ake yi. In wurin yana da faɗi, sai a tura ki babban asibiti a ɗebe shi da wata siririyar waya. Ba a cire mahaifa, kuma mace takan ci gaba da haihuwa bayan haka.

Bayan wannan magani za ki riƙa ganin ruwa-ruwa yana fita har wajen wata guda. Ba wani abu ba ne. A ƙaurace wa kwanciyar aure mako 4, kada kuma a cusa komai a gaba. In kin ji zazzaɓi, ko ciwon mara mai tsanani, ko jini mai yawa, ki koma asibiti maza. Bayan shekara guda kuma ki koma a sake dubawa.

ALAMUN DA BA A JIRA DA SU

Duk abin da aka faɗa a baya na mai lafiya ne. Amma macen da ta ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada ta jira ranar gwaji, ta tafi asibiti cikin makon nan:

1. Jini bayan kwanciya da miji, ko da ɗigo ne.
2. Jini tsakanin al'ada da al'ada.
3. Jini ya dawo bayan al'ada ta ɗauke mata saboda shekaru.
4. Ruwa mai wari, ko mai gauraye da jini, wanda ya ƙi tsayawa.
5. Ciwon mara ko na baya da ya daɗe, tare da rama, ko kumburin ƙafa.

Mata da yawa sukan ce sanyi ne, su yi ta shan jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin kanti, ko su yi matsi da garin magani. Waɗansu har akan kai su ga wanzami ko ungozomar gida a yi musu yankan gishiri. Wannan duk ɓata lokaci ne, yankan kuwa yana iya jawo zubar jini da yoyon fitsari. Wata kuma takan aika a tambayar mata malam hukuncin salla da wannan jini, ta tsaya nan. Tambayar malam daidai ce, amma jinin da ba na al'ada ba ne, ba na biƙi ba, jinin cuta ne, sai a haɗa da tambayar likita.

Ba kowane jini ne ciwon daji ba, akwai cututtuka masu sauƙi da ke kawo shi. Dubawa ce kaɗai ke rarrabewa. In kuwa ya tabbata shi ne, to, wanda aka kama da wuri yana warkewa, da aikin tiyata, ko gashi da hasken na'ura, ko magunguna masu ƙarfi. Za a ba da takarda zuwa manyan asibitocin koyarwa, irin na Shika kusa da Zariya, da na Malam Aminu Kano a Kano, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri. Amma tafiyar da nisa, jinyar da tsada, tana iya cinye hatsin shekara da dabbobin gida. Gwajin 'yan mintoci ya fi wannan araha nesa ba kusa ba.

ABIN DA KE HANA MATA ZUWA

Na farko kunya. Kunya ado ce ga mace, ba mai musun wannan. Amma ai ran haihuwa ungozoma takan ga abin da ya fi haka, ba wanda ya ce an yi abin kunya. Kina da ikon cewa mace 'yar'uwarki kike so ta duba ki. Kina iya zuwa da yayarki ko aminiyarki ta zauna kusa. Abin da aka gani kuma amana ne, ba a faɗa wa kowa sai da yardarki.

Na biyu tsoro. Wata takan ce, gara kada in sani. To, rashin sani ba ya korar gara daga azara. Mafi yawan matan da aka duba, lafiya ake samunsu, su koma gida da kwanciyar rai.

Na uku kuɗi da nisa. Waɗansu asibitoci suna karɓar ɗan abu, wani lokaci kuma Hukuma ko ƙungiyoyin taimako sukan kawo gwajin kyauta. Ku tambaye mu a ɗakin shan magani, za mu gaya muku wuri mafi kusa da ranar da ake yi. Matan unguwa ɗaya suna iya haɗa kuɗin mota su tafi tare ran kasuwa, ko a ware wani abu daga adashi.

MAGANA GA MAIGIDA

Malam, a gidajenmu mace ba ta fita sai da izninka, kuɗin mota ma daga aljihunka yake fitowa. Saboda haka rabin wannan aiki a hannunka yake. In matarka ta ce za ta je a duba ta, kada ka ce, "Me ke damunki? Ai lafiyarki ƙalau." Lafiyar tata ce ta sa ya kamata ta je yanzu. Ka fi kyautawa ma in kai ka fara tayar da maganar, don wata ba za ta iya buɗe baki ta faɗa maka ba.

In matanka biyu ne ko fiye, ka tura su duka, kada ka ware ɗaya, don kada a sa mata ido. In an yi wa ɗaya magani, ka yi haƙurin mako 4 ɗin nan. Kada ka tuhume ta, kada ka bari dangi su tuhume ta. Ka tuna da mahaifiyarka da 'yan'uwanka mata. Ka dubi kuma gidan da uwa ta rasu ta bar yara ƙanana, ka ga yadda yake komawa.

Muna roƙon dagatai da masu unguwanni da limamai su faɗi wannan magana a dandali da wurin suna da ɗaurin aure. Ungozomomin gida da malaman makarantun matan aure su ma su isar da ita cikin gidaje.

ALLURAR 'YAN MATA

Iyaye mata gwaji ne kariyarsu. 'Ya'ya mata kuwa an samar musu allurar rigakafin ƙwayar HPV. An fara amfani da ita a duniya a 2006. A Nijeriya, Gwamnatin Tarayya ta sa ta cikin alluran rigakafi na yau da kullum ran 24 ga Oktoba, 2023, aka fara da waɗansu jihohi, har da Kano da Jigawa da Bauci, sa'an nan aka kai sauran, irin su Kaduna da Katsina da Sakkwato, a watan Mayu na 2024. An yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, kyauta, allura ɗaya a dantse. Yarinya mai ƙanjamau ita akan ƙara mata. Duk wadda ta cika shekara 9, a kai ta.

Dalilin da ya sa ake yi wa ƙanana shi ne, allurar tana hana ƙwayar shiga ne, ba ta fitar da wadda ta riga ta shiga. Tilas ke nan a yi tun kafin aure. Akan ji ɗan tsamin hannu ko zazzaɓi kaɗan na kwana ɗaya ko biyu, ya wuce.

Masu cewa tana hana haihuwa ba su da hujja. An yi wa miliyoyin 'yan mata a ƙasashe da yawa, na farkonsu sun girma, sun yi aure, sun haihu. A Ingila an fara yi wa 'yan makaranta a 2008. Da aka bincika a 2021, sai aka tarar ciwon ya ragu da kashi 87 cikin 100 a tsakanin waɗanda aka yi wa suna da shekara 12 zuwa 13. A nan Afirka ma, ƙasar Ruwanda ta fara tun 2011. Amma yarinyar da aka yi wa allura, in ta girma ta kai shekarun gwaji, ita ma za ta je, don allurar ba ta tare kowane irin ƙwayar ba.

A watan Nuwamba na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da wannan ciwo. Burin shi ne, kafin 2030 a yi wa 'yan mata 90 cikin 100 allura, a gwada mata 70 cikin 100, a kuma yi wa 90 cikin 100 na waɗanda aka samu da ciwon magani. Wannan lissafi ba zai cika a birni kaɗai ba, sai da matan ƙauyukanmu.

ABIN DA ZA A RIƘE

1. Gwajin bakin mahaifa na mace mai lafiya ne, kada a jira ciwo.
2. Mace ta fara daga shekara 30, mai ƙanjamau daga 25.
3. In an ga fari, ba ciwon daji ba ne tukuna, a karɓi magani, a koma bayan shekara.
4. Jinin da ba na al'ada ba, ko ruwa mai wari, a tafi asibiti maza.
5. Yarinya ta cika shekara 9, a kai ta allura.
6. Maigida ya ba da izni da kuɗin mota.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Wadda ta je aka duba ta, ta gaya wa maƙwabciyarta yadda aka yi, don tsoro ya fita daga zuciyarta. Mai tambaya kuma ya zo ɗakin shan magani kowace ranar aiki, za a yi masa bayani. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.